Fashin Baƙi: Shin Lambunan Kano Mutuwa Suke Yi da Rani?

Duk shekara, da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Kano, sai zancen bishiyoyi ya taso a rediyo da shafukan sada zumunta da majalisun unguwa. Wani ya ɗauko hoton kuka ko rimi ba ko ganye ɗaya, ya ce ga shi an yi sakaci sun mutu. Wani ya ce tsuntsayen da ya sani yana yaro duk sun ƙare. Damina na sauka kuma sai maganar ta juya: ciyawa ta yi yawa, ga macizai ga sauro, a sassabe, a yi feshi.

Tambayar ita ce, a cikin abin da ido yake gani a lambu, wanne ne sauyin da yake zagayowa kowace shekara, wanne ne asara ta gaske? Ba a rabe su da zuwa ɗaya. Kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa lambuna, daga sare bishiya mai rai zuwa ƙona ciyawa kafin ta zubar da iri, daga wannan kuskuren fahimta take tasowa.

Wane wuri ake nufi

Ba dabbobin da ke cikin keji ake magana a kai ba. Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, an san shi da zaki da kura da jimina, amma manyan bishiyoyin da ke cikinsa suna ɗauke da wasu halittun da ba wanda ya kawo su, ba kuma wanda yake ciyar da su: tsuntsaye, jemagu, ƙadangaru, ƙudan zuma. Su ne abin dubawa. Irin wannan wuri ya haɗa da harabar tsohuwa da sabuwar Jami'ar Bayero, da titunan Nassarawa masu maɗaci, da filayen tsofaffin makarantu, da bakin kududdufan da suka rage. Duk inda aka bar bishiyoyi da ƙasar da ba a shafe da siminti ba, lambu ne a wannan bayani.

Iska biyu ke juya shekarar

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa. Ta ratso Sahara, busasshiya ce, kuma yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne a arewacin Chadi. Shi ne hunturu, lokacin da sanyin asuba kan sauka zuwa wajen digiri 13. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kan haura digiri 40. Sai iska mai laima daga Tekun Atlantika ta turo arewa, ruwa ya fara sauka jefi-jefi a Mayu, ya zauna a Yuni ko Yuli, ya fi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kaka ta biyo baya.

Wato wata bakwai ko fiye ba ɗigon ruwa. Duk wani abu mai rai a lambun Kano yana da dabarar ratsa waɗannan watanni: ko ya zubar da ganye, ko ya shige ƙasa, ko ya yi ƙaura, ko ya mutu ya bar iri.

Bishiyar da ta zubar da ganye ba matacciya ba ce

Ganye shi ne ƙofar da ruwa yake fita daga jikin bishiya. Idan ƙasa ta bushe, bishiyar da ta riƙe ganyenta asarar ruwa za ta yi ta yi. Don haka kuka takan zubar da nata tun farkon rani, ta rayu da ruwan da ta tara a cikin kututturenta. Abin mamaki, takan fara toho kafin ruwan fari ya sauka. Furenta fari ne, yana reto a kan doguwar igiya, da magariba yake buɗewa, kashegari ya yanƙwane. Jemagu ne ke yawo daga fure zuwa fure da dare suna haɗa masa aure. Wanda yake korar jemage daga lambu, 'ya'yan kuka yake ragewa bai sani ba.

Rimi ma a tsirara yake fure, a tsakiyar hunturu, shi ma da dare, kafin kwansonsa ya fashe da bazara audugarsa ta cika iska. Gurjiya tana fitar da jan fure a Disamba zuwa Fabrairu, a lokacin da ba ta da ganye ko kaɗan. Ɗorawa tana saukar da jajayen tuntayen furenta wajen Fabrairu da Maris, 'ya'yan su nuna gab da damina, a sami garin sha da kalwar daddawa. Wannan ne ya sa masu lura suke cewa rani, ba damina ba, shi ne lokacin furen manyan bishiyoyinmu na asali.

Gawo shi ne ya fi ruɗar mutane, domin shi a juye yake tafiya. Da damina, lokacin da komai ya yi kore shar, shi zai tsaya fari fat ba ganye. Ruwa na ɗaukewa sai ya fito da sabo, ya yi fure, ya ba awaki murɗaɗɗun 'ya'yansa a tsakiyar rani. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai har ta tarar da ruwa. Manomi ya san wannan, shi ya sa yake barin sa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Ma'aikacin lambu a birni da bai taɓa noma ba, shi ne zai ga gawo a Agusta ya ce ya mutu, a kawo gatari.

Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne aka shigo da ita zamanin Turawa, da tsamiya da maɗaci da mangwaro, su ba sa yin tsirara na dogon lokaci. Saboda su ne suka fi yawa a titunan Kano, ido ya saba da cewa bishiya mai lafiya kullum kore take. Daga nan kuskuren ya samo tushe.

Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar kuɗi. A kamo ƙaramin reshe mai kaurin fensir, a kankare bayansa da farce. Idan ƙarƙashin ya fito kore, da ɗan danshi, reshen kuma ya tanƙwaru bai karye ba, bishiyar tana da rai. Idan ruwan ƙasa ne, ya bushe, ya karye ƙas, wannan reshen ya mutu, amma reshe ɗaya ba ya yanke hukunci. A gwada uku ko huɗu daga ɓangarori daban-daban. Ko duk sun bushe, a jira har wata guda bayan ruwa ya zauna, wato ƙarshen Yuli. Gawo kuwa sai a jira Nuwamba. Ƙasar gara da ta hau jikin bishiya ma ba shaidar mutuwa ba ce, sau da yawa busasshen ɓawo kawai garar take ci. A goge ƙasar a duba ko itacen ciki yana da ƙwari.

Ruwa ba ya tsami banza. Bishiyar da ta mutu da gaske, akwai dalili a jikinta, kuma yawanci hannun mutum ne. Ɓawon bishiya shi ne hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, to idan masu neman sassaƙe suka zagaye maɗaci suka ɓare shi kewaye, ya gama, ko da zai ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Tara shara a gindin bishiya a cinna wuta yana yin irin wannan ɓarnar. Haka shafe siminti ko jera intalok har jikin kututture. Ya kamata a bar aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe don ruwa da iska su shiga. Akwai kuma kauci, wanda yake tsirowa a kan reshe yana tsotsar ruwan bishiya. Ɗaya ko biyu ba sa kisa, tsuntsun sha-kauci ma da furensa yake rayuwa. Idan ya mamaye, sai a datse reshen kamar santimita 30 ƙasa da inda ya kama, domin cire shi kaɗai ba ya hana shi dawowa.

Tsuntsun da ya yi ƙaura, da wanda ya sake riga, da wanda ya ƙare

Idan aka ce an daina ganin wani tsuntsu, abu uku ne mabambanta, kuma ana yawan cakuɗa su.

Akwai mai ƙaura. Shamuwa takan iso Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a manyan bishiyoyi kusa da mutane, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara, sannan da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda daminarsu take farawa. Zuwanta alama ce cewa iska mai laima ta matso. Ba izinin shuka ba ne, don ruwan fari yakan yi ƙarya ya ɗauke na sati biyu ko uku. Daidai lokacin da take tafiya, wasu baƙin suke isowa daga Turai da yammacin Asiya, sun tsallako Bahar Rum da Sahara suna gudun ƙanƙara. Daga Satumba zuwa Afrilu ake ganin su, mafi yawa ƙanana masu launin ƙasa da ke bin bakin ruwa da rassan gawo da bagaruwa. Dausayin Haɗeja da Nguru shi ne babban masaukinsu a wannan yanki, amma kududdufin birni ma yakan sami rabonsa. Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ya ɗauki hoton lambar da rubutun da ke jiki. Masu bincike ne suka sa, ba asiri ba ne.

Akwai mai sake riga, kuma shi ya fi yaudarar sabon mai lura. Namijin mulufi ja ne wur da baƙi daga tsakiyar damina zuwa kaka, yana kumbura gashi a kan doguwar ciyawa. Da rani sai ya zubar da wannan gashin ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, ba ka bambanta shi da tamatar. Bai je ko'ina ba. Kabare ma haka, baƙin kansa da ɗorawar jikinsa na lokacin saƙar sheƙa ne. Zalaidu yana zubar da dogon bindinsa. Ko balbela, da ake cewa kullum fara ce, idan lokacin ƙwai ya zo za ka ga kanta da ƙirjinta sun ɗauki ruwan goro.

Sai na uku, wanda ya ragu da gaske. Ungulu ita ce misalin da ba gardama. Dattawan Kano sun san ta cike da mahauta da kasuwanni, yau sai mutum ya shekara bai ga ɗaya a cikin gari ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da kama ta don sayar da sassanta ga masu magani, da guba, da sare dogayen bishiyoyin da take sheƙa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya mayuwa da wuri. Gauraka ma ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya. Cilakowa da tsirya da mujiya kuwa kogon tsohuwar bishiya suke buƙata. Macen cilakowa takan shige kogo ta liƙe bakinsa, ta bar ɗan tsagi da namijin zai riƙa miƙo mata abinci. Dashen shekara biyar ba shi da kogo. Shi ya sa lissafin "mun sare ɗaya mun dasa goma" bai cika daidai ba.

Abin da ke faruwa a ƙasa

Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, shinge ke fitowa daga suri, tsaka da kwaɗi da tsuntsaye su yi wadaƙa. Kwaɗin da suka cika dare da kuka ba daga sama suka faɗo ba, a binne suke tun bara. Gaiwa ma a cikin busasshen taɓo take yin rani, damo a rami. Ƙadangare shi kullum yana nan, amma a dube shi da sanyin safiya: babban namijin dusu-dusu yake, ya lafe a jikin bango inda rana ta fara taɓawa. Bayan ya sha rana sai kan ya rine ja, jikin ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, ya hau gyaɗa kai yana korar sauran mazan. Ciyawa kuwa layi take bi: tafasa da rai-ɗore da harkiya da wuri, kyasuwa da gamba su fitar da kai a Satumba, ƙarangiya ta kama ƙafar wando da kaka.

Yadda ake sa ido ba tare da yaudarar kai ba

Sirrin aikin shi ne maimaici: wuri ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. A zaɓi hanya mai tsawon kamar kilomita ɗaya, a bi ta sau ɗaya a sati, daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9. Bayan nan zafi kan sa tsuntsaye su yi shiru. A kan hanyar a ware wuri huɗu, tsakanin kowanne mita 200, a tsaya minti 10 a kowanne. Ga kowane irin tsuntsu, a rubuta adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda, ba jimillar duk giftawa ba, in ba haka ba kurciya uku za su zama talatin.

A zaɓi bishiya goma, iri biyar, kowane iri biyu. A ba su lamba a littafi, ba da ƙusa ko fenti a jikinsu ba. Kowane zuwa a rubuta abu uku: ganye, fure, 'ya'ya, kowanne da maki daga 0 zuwa 4, inda 0 babu, 2 rabi, 4 ya cika. A ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane wata. Don ruwan sama, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa, a ajiye shi a fili nesa da indararo da rassa, a auna kowace safiya a zubar. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 yana taimakawa, amma ba sharaɗi ba ne. A nemi izinin masu wuri, kuma kada a ɗaga madubi ko kyamara kusa da bariki ko filin jirgi.

Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Ranar da ka fara ganin shamuwa ba lallai ita ce ranar da ta iso ba, musamman in ka yi sati uku ba ka je ba. Bishiyar da ke kusa da famfo ko kwata ba za ta bi kalandar 'yar'uwarta ta tudu ba, don haka a rubuta wadda take samun ruwa. Ƙirgar ranar hazo mai kauri, ko ta ranakun Sallah da Gidan Zoo ke cika maƙil, ba a gwada ta da ta sauran ranaku. Rashin gani ma bayani ne, a rubuta shi. Mafi muhimmanci, shekara ɗaya kalanda kawai take nunawa. Sai an haɗa Afrilun bana da na baɗi da na baɗin baɗaɗa kafin a ce abu ya ragu. Mai son bayanansa su amfani wasu zai iya sa su a manhajar eBird ko iNaturalist, ko ya shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jami'ar Jos take jagoranta.

Taƙaddamar share lambu

Masu son a share fes ba su rasa hujja ba. Doguwar ciyawa tana ɓoye maciji da kunama, duhuwa tana zama maɓoyar ɓata-gari, kududdufin da kwatoci suke zuba a ciki yana wari, yana haifar da sauro, yara kuma sukan nitse. Ɗaya ɓangaren suna cewa kududdufan nan, waɗanda yawancinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne, su ne suke shanye ruwan Agusta, kuma duk wanda aka cike aka yi gini a kai, ruwansa cikin gidajen maƙwabta zai nufa.

A ganina duka biyun suna kuskure idan suka ɗauki lambu gaba ɗaya abu guda. A yanke ciyawa ƙasa-ƙasa mita biyu a kowane gefen hanya da wurin wasan yara, a bar wani yanki daga nesa har Nuwamba, ciyawar ta zubar da iri, tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa, sannan a yanke a ba dabbobi maimakon a ƙona. Busasshen ganye a tara shi kewaye da gindin bishiya, kaurin kamar santimita 5 zuwa 10, ba tare da ya taɓa kututturen ba, yana riƙe danshi. Sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwa marasa zurfi da rana ke dukansu, irin sawun taya da ramin bulo, cike waɗannan ya fi feshin lambu duka amfani. Feshin kuma yana kashe ƙudan zuma, musamman in an yi shi lokacin da darbejiya ko mangwaro ke fure. Kududdufi kuwa matsalarsa kwata da shara ne, a tare su, a katange bakin. Mai shiga ciyawa ya sa rufaffen takalmi. In tsautsayi ya faɗa maciji ya yi sara, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba ɗauri mai tsanani.

Inda abin ya shafi dashe

A nan ne rashin sanin kalanda yake cin kuɗin jama'a. Bikin dashen da aka yi a ƙarshen Agusta ko Satumba ya bar wa tsiron sati kaɗan na ruwa, sannan ya fuskanci wata bakwai na fari da bakin akuya. Lokacin dashe a Kano shi ne da ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai santimita 50 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar, a kewaye da kariya mai tsayin da akuya ba za ta kai ba ko ta miƙe. A rani biyu na farko yana buƙatar kamar bokiti ɗaya sau biyu a sati, a zuba a hankali ya nitse; yayyafi kullum saiwa a sama yake tarawa.

Darbejiya tana saurin inuwa, akuya ba ta cika damunta ba, shi ya sa ake rububinta. Amma lambun da darbejiya ce zalla yana ciyar da halittu ne a 'yan watanni kawai. A haɗa da tsamiya da kanya da magarya da gawo, musamman dangin ɓaure, wato ɓaure da gamji da ceɗiya da durumi, domin su ba sa 'ya'ya lokaci guda, kusan kowane wata akwai wadda ta nuna. Sai dai a nisanta su aƙalla mita 10 daga gini da bututun ruwa, saboda saiwarsu tana fasa harsashin gini.